Likita Ya Ce Alaji Ne

Atishawa ce ƙarama, irin wadda mage ke yi in ta shinshina barkono. Ina tsugune a ƙofar ɗaki ina dama koko, Malam yana ciki yana neman hularsa, sai na ji "tsss". Ya ce alhamdu lillahi, na ce yarhamukallah, ko waiwayawa ban yi ba. Da na san rundunar da ke biye da ita, da na ajiye ludayin na yi addu'a mai tsawo.

Na rubuta wannan ne saboda masu fama da murar nan da ba ta zuwa sai ƙarshen damina, kada su sha wahalar da muka sha. Na kuma rubuta don in wanke wani bawan Allah da bakinmu ya ɓata wa suna a unguwarmu Aboabo.

Mijina Malam Isiyaka tela ne. Amma in ka shigo unguwarmu ka ce kana neman Isiyaka tela, mutum uku za a nuna maka. Ka ce Ladan, shi ke nan ka iso. Shekara ashirin da biyu yana kiran sallah a masallacin layinmu, mahaifinsa ma shi ya yi kafin shi, a kan tsani, lokacin babu lasifika. Ko sisi ba a biyansa. Sai dai ni da nake zaune da shi na san ɗinki abin da yake yi ne tsakanin kira da kira. In aka karɓe masa kiran sallah, ban san me zai rage ba.

Kowace shekara idan ƙaramar damina ta shigo, ta watan tara da na goma, ruwan nan da ba ya zuba ya gama sai yayyafi da lumshi, shanya ta kwana uku a igiya tana ɗanye, Malam yakan yi 'yar mura. Murar kaka muke ce mata. Citta da lemun tsami, sati biyu, ta kama gabanta. Bana kam da kayanta ta zo.

A kwanakin farko abin bai wuce gida ba. Ido ya yi ja, hanci yana zuba kamar famfon da ya lalace, ga ƙaiƙayi a maƙogwaro. Ba zazzaɓi, ba ciwon jiki. Gidanmu na haya ne, ɗaki tara, bango kuma ba ya riƙe sirri, saboda haka duk atishawar Malam ta jama'a ce. Har Ante Akosuwa, maƙwabciyarmu 'yar Asante mai sayar da kifi da dokunu, tuwon masarar nan da ake dafawa a ganye, wadda coci take zuwa, ta koyi amsawa. Daga ɗakinta za ka ji "yaramukala!" In ya wuce uku sai ta koma yarenta, "kafra, Malam, kafra," wato sannu.

Ranar Talata da la'asar abin ya fita waje. Ina wanke shinkafa, Malam ya fara kira lafiya lau, murya tana tafiya kamar kullum. Da ya zo hayya alas sala ya ja numfashi, sai hayya ta maƙale a hanci. Muka ji "hayya... hayya... haa..." sannan wata ƙara ta fito daga lasifika wadda ta sa awakin layin suka watse. Bakwai ya jera. Lasifikar masallacinmu layi uku take kaiwa. Matan da ke bakin famfo suka haɗa baki suka ce yarhamukallah, sannan suka zube da dariya. Allah Ya yafe mini, ni ma na yi. Sai da ya dawo gida ya zauna bakin gado, hula a gwiwa, dariyar ta koma mini ciki.

Daga ranar kusan kowane kira sai an yi. Wani abin ɗaure kai, a gida yakan yi uku ko huɗu ya huta, amma da ya tsaya kiran sallah sai su zo a jere kamar an buɗe musu ƙofa. Mutane suka fara cewa wannan ba mura ba ce, mura ba ta san lokacin sallah ba.

Sati na biyu na masu magani ne. Yayarsa Hajiya Adiza, mai sayar da atamfa, ta taso daga unguwar Akwatia Line a tasi da ƙulli ya fi goma. Hajiya ita ta goya Malam yana jariri, kuma har yau ba ta sauke shi ba.

"Maimuna, haka kika zuba masa ido? Ɗora ruwa. Kimba, kanumfari, masoro, tafarnuwa. Rufe tagar nan, iska ce ke shigarsa."

Ante Akosuwa ta kawo prekese, wani ɗan itace mai ƙamshi da suke sa wa a miya, ta ce a dafa ya sha. Wani Bazabarme abokin Malam ya ce man shanu a hanci safe da yamma. Duk muka yi, ba mu raina na kowa ba. Sau uku a rana ina lulluɓe shi da bargo a kan tukunyar sirace, taga a rufe, ƙofa a rufe, har bangon ɗakin ya fara gumi. Mijina ya koma yana ƙamshin farfesu. Atishawa kuwa ko gezau.

Da na gaji sai na je kantin magani, aka ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi. Sun yi aiki, ba zan yi musu ƙarya ba. Ya sha ɗaya da hantsi, atishawa ta tsaya cak, shi ma ya tsaya cak. A kan keken ɗinki barci ya kwashe shi, goshi a kan rigar mutane. Azahar ta yi, ta gota, masallaci shiru. A shekara ashirin da biyu ranar ce ta farko da aka ji wata murya a lasifikar nan ba tare da Malam ya yi tafiya ba. Muryar Ustaz Basiru ce, ɗan ƙanen Alhaji Mumuni, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu ba, muryarsa kamar a rediyo.

Alhaji Mumuni dillalin shanu ne, iyayensa daga Nijar suka zo, shi ne shugaban kwamitin masallaci, shi ya sayi lasifikar ma. Da yamma ya zo dubiya da ayaba da lemo. Ya zauna, ya yi addu'a, ya ce, "Ladan, ka je asibiti. Jama'a sun fara magana, ni kuma ba na son a yi maganarka." Magana ce mai kyau. Amma ni da Hajiya ba ita muka ji ba, muryar Basiru muke ji a kunnenmu.

Sati na uku muka tafi asibitin gwamnati, ni da Malam da Hajiya. Mun shiga trotro, bas ɗin haya, gari bai gama wayewa ba, muka tarar da layi kamar wasu a can suka kwana. Layin kati daban, layin folda daban, layin awon jini daban, kowanne da bencinsa, in mutum ɗaya ya shiga sai duk benci ya ja gindi ya matsa. Malam yana atishawa, mutane suna ba mu fili, wannan kaɗai ne amfanin ciwon da na gani. Sai wajen azahar aka kira sunansa. Nas ta tare ƙofa ta ce mutum ɗaya ne zai raka shi.

Na miƙe, Hajiya ta miƙe. Ta dube ni ta ce, "Ke kika goya shi?" Na koma na zauna da jakunkuna.

Minti goma suka fito. Fuskar Hajiya ta nuna akwai magana, amma ta bari sai da muka karɓi magani muka fita harabar. Can gindin wata bishiya ta ja ni gefe, ta duba hagu da dama.

"Abin da nake zargi ne. Likita da bakinsa."

"Me ya ce, Hajiya?"

"Ya haska hancinsa, ya haska idonsa. Ya ce ba maleriya ba ce, ba mura ba ce. Ya ce Alaji ne."

"Alaji?"

"Sau uku ya faɗa. Na ce masa da yaren Asante, Dokta, ana iya raba su? Ya ce ba a rabawa gaba ɗaya, sai dai a nisance shi. A nisance shi, Maimuna!"

Na juya wajen Malam. Ya ce shi kunnensa a toshe yake, kuma yana tsakiyar atishawa, amma lallai ya ji an ce Alaji.

Na ce, "To wane Alajin? Aboabo ai Alhazai sun fi ɗari."

Hajiya ta ce, "Alhazai nawa ne ke da ɗan ƙane mai son lasifika?"

A nan ne zan faɗi laifina. Na yi sakandare, na gama, kimiyya ma ba baya nake ba a aji. Ya kamata in tsaya in tambayi kaina yaushe likitoci suka fara duba. Amma zuciyata dama tana neman wanda za ta ɗora wa, sai ga suna an miƙo mini daga asibiti. Hajiya ta cusa ledar maganin da takardar likita a jakarta, ta ce ƙwayar Bature ba ta aikin sammu, ita za ta nemo rubutu. Ta wuce Akwatia Line da su.

Wallahi mutum ɗaya na gaya wa, Ante Akosuwa. Ita ma ta rantse ba ta gaya wa kowa ba sai masu sayen dokununta. Kafin Juma'a labarin ya zaga ya dawo mini da ƙari. An ce na'urar asibiti ce ta nuna fuskar Alhaji, har da hularsa. An ce likitan ma da ya gani sai da ya ja kujera baya. Matar Alhaji, wadda muke zuwa suna da biki tare, ta ganni a kasuwa ta juya tana taya tumatir ɗin da ba ta da niyyar saye.

Ranar Asabar Alhaji Mumuni ya zo. Wannan karon babu ayaba. Na shimfiɗa tabarma, bai zauna ba.

"Ladan, na ji an ce ni ne ciwonka, kuma likita ya ce a nisance ni. To ba ni makullin ɗakin lasifika, in taimaka maka da nisan. Basiru zai riƙe. Bayan Juma'a biyu kwamiti zai zauna a san wanda zai ci gaba."

Malam ya ce, "Alhaji, ni ban ce ba."

"Ba ka ce ba, amma ba ka hana ba."

Ya ciro makullin daga aljihu ya ba shi. Makullin nan da igiyar fata yake, ta yi baƙi don daɗewa a hannu.

Kwanakin da suka biyo ba na son tuna su. In lokacin sallah ya kusa sai in ga Malam ya tsayar da keke ya dubi agogo, ya yunƙura, sannan ya tuna. Basiru yana kira, leɓen Malam yana motsi. Yakan bari sai an tada iƙama ya shiga sahun baya, a sallame ya fito. Tuwon da yake cinye malmala biyu, rabi yake bari. Sau ɗaya na ce masa Allah zai saka mana, ya ce, "Maimuna, abin da ban gani ba ba zan kai wa Allah ƙararsa ba." Amma ga abin da ya ƙara rikita mu, atishawar ta ragu sosai. Basiru kuma ko sau ɗaya bai yi ba. Hajiya ta bugo waya tana cewa, "Kun gani? Ya samu abin da yake so, ya sassauta ɗaurin."

Idon ne kawai bai daina ƙaiƙayi ba, har fatar ta kumbura don murza. Na tuna a cikin magungunan akwai na ɗigawa, sai na shirya na je Akwatia Line na roƙi Hajiya ledar. A trotro na dawowa na buɗe don in ga yadda ake sawa, takardar likita ta faɗo a cinyata. Rubutun likita ne, kamar kaza ta bi ta kan takarda, amma kalma ɗaya ta fito sarai. Tana da l biyu, da y a ƙarshe. Babu h, babu j.

Nan take na ga ajinmu na biyu a sakandare, na ga wata yarinya da leɓenta ke kumbura in ta ci kaguwa, na ji malamin kimiyya yana faɗin sunan abin. Alaji. Ciwon da jiki ke yi in ya haɗu da abin da ba ya so.

Na ce innalillahi da ƙarfi, har matar da ke gefena ta dafa ni ta ce, "Wa ya rasu?"

Na ce, "Ba kowa, Mma. Ni ce dai na kashe kaina da kunya."

Washegari muka koma asibiti, ni da Malam kaɗai. Muka sake bin benci uku. Da nas ta ce mutum ɗaya, ban waiwaya ba na shige. Likitan saurayi ne ɗan Asante, mai tabarau. Na kwashe labari na gaya masa da ɗan Turancina, inda ya ƙare na cika da Asante. Ya yi ƙoƙari ya riƙe fuska, ya kasa. Sai da ya cire tabarau ya share ido, sannan ya ba mu haƙuri, ya ce shi da ya ga Hajiya tana gyaɗa kai ya ɗauka ta gane.

Ya zauna ya yi mini bayani a hankali, Allah Ya saka masa. Ya ce a wannan lokacin na shekara masu irin wannan suna cika masa layi, kowa yana cewa sanyi ne ko dukan ruwa. Shi kuwa abin da ya fi zargi wani abu ne da ya faɗa da Turanci ban gane ba, sai ya nuna mini hoton burodin da ya kwana biyar a wayarsa. Na ce, "Fumfuna!" Ya ce to ita. Ya ce tana da iri kamar yadda shuka ke da iri, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna tashi cikin iska. In ruwa ya daɗe wuri bai bushe ba sai su yawaita, a waje cikin ruɓaɓɓen ganye, a ɗaki cikin bango da katifa. Wani ya shaƙa ba abin da zai same shi, wani kuwa jikinsa ya ɗauke su abokan gaba.

"Ba zan rantse miki ita ce ba," in ji shi, "don gwajin da zai tabbatar ba ma yin sa a nan. Amma ki nemo inda ya fi yin atishawa. In kin je wurin, ki bi hancinki."

Da na gaya masa zancen sirace da rufe taga, ya riƙe kai. Ya ce in ita ce, to noma ta muke yi. Ya canja ƙwayar kantin nan da wadda ba ta sa barci, ya nuna wa Malam yadda ake fesa na hanci.

Kwana uku ina juye ɗaki. Katifa waje, akwatuna waje, duk lokacin da rana ta leƙo in ruga da kaya, hadari ya taso in rugo da su. Na samu fumfuna a bayan wadrob, na samu takalman sallar Malam sun yi kore. Da Hajiya ta ji sabon bayani ba ta ce ta yi kuskure ba. Cewa ta yi, "Ashe ƙazantar ɗaki ce. Dama na faɗa." Ban san yaushe ta faɗa ba. Na haɗiye.

Ina cikin goge bango tunani ya zo mini. Mutumin nan tun da ya zauna a ɗakin nan ya samu sauƙi, to yaya za a ce ɗakin ne babban mai laifi? Na ajiye tsumma na ce, "Malam, tsakani da Allah, a ina take fi kama ka?"

Ya ce, "Da na ja numfashi a gaban makirfo."

Ɗakin makirfo kuwa makullinsa yana aljihun mutumin da muka ce ya yi mana sammu. Ranar Alhamis ce, gobe kwamiti zai zauna.

Malam ya ce zai je. Na ce a'a, bakin da ya fitar da maganar shi zai je ya kwaso ta. Na sayi goro fari mai kyau, na ƙulla a ganye, na ɗauki takardar likita. Na tarar da Alhaji a ƙofar gidansa tare da abokan sana'arsa uku suna shan shayi. Na so a ce shi kaɗai ne, amma da na tuna a bainar jama'a muka ɓata shi, sai na durƙusa a nan. Na ajiye goro, na yi bayani tun daga nas har trotro. Na nuna masa kalmar, ko da yake ba ya karanta boko.

Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Wato ba ni ba ne."

"Ba kai ba ne, Alhaji."

"Akwai wani Alajin ke nan a Aboabo da ya fi ni ƙarfi, har likita ya san shi, ni ban san shi ba?"

Ɗaya daga cikin abokansa ya ƙware da shayi. Wani ya ce, "Alhaji, a tambaya mana ko shi ma yana sayar da shanu." Suka yi ta dariya, ni ina durƙushe ina jin kamar ƙasa ta buɗe. Da suka lafa, Alhaji ya gyara zama, fuskarsa ta canja.

"Mma Maimuna, shekara talatin ina cikin kara ina cinikin shanu. An ce mini mai tsada, an ce mini mai wayo, duk na saba, sana'a ce. Amma ba a taɓa cewa na kai sunan Musulmi wurin boka ba sai a bakinku. Tsohuwata tana can ƙauye a Nijar, har can maganar ta je. Ta bugo mini tana kuka."

Ni ma kukan na fara. Na ce ba ni da abin cewa sai ya yafe don Allah.

"Na yafe. Ɗauki goron nan ki raba wa waɗanda kika gaya wa, in zai isa. Amma ki sani, yafiya daban, lasifika daban. Ba zan bari a riƙa dariya lokacin kiran sallah ba, ko ɗan uwana ne."

Na ce na yarda. Abu ɗaya nake roƙo, a buɗe mini ɗakin in leƙa.

Bayan azahar da mutane suka watse, ya zo da kansa ya buɗe. Ban taɓa shiga ba, mata ba ruwanmu da wajen. Ɗan ƙuƙut ne a gefen masallaci, babu taga. Ban sha wahalar bin hancina ba, shi ya ja ni. Wari kamar na rigar da aka manta a bokiti sati guda. Alhaji ya haska da waya. Bangon daga sama har ƙasa baƙi da kore, dardumar da Malam ke tsayawa a kai tana tsotse da ruwa, ga wani tsohon gwangwani an tara wa ɗigon rufi. Alhaji ya yi gyaran murya. Ya ce rufin nan tun bara waccan Ladan ya kawo ƙara, kwamiti ya ce a bari bayan damina.

Na buɗe baki zan ce wani abu, sai idona ya sauka a kan makirfo. Yana sanye da 'yar hula. Na gane ɗinkin, domin nawa ne. Shekara shida da suka wuce Malam ya yi ƙorafin in ya yi kira iska tana sa lasifika yin "fuf, fuf", sai na samu ƙyallen karammiski shuɗi na sa soso a ciki na ɗinka masa, ina neman lada. Yanzu ba mai cewa shuɗi ne. Na zare ta na juya cikin. Fari fat, da gashi-gashi, kamar gemun tsoho. Sau biyar a rana mutumin nan yana fitowa daga alwala da jiƙaƙƙen gemu, ya kafa baki a kanta, ya ja numfashi har ƙasan ciki. Shekara shida ko sau ɗaya ba ta ga sabulu ba.

Alhaji ya ce, "Wane ne ya ɗinka wannan?"

Na ce, "Ni ce."

Ya dubi rufi, ya dubi hular, ya ce, "To Mma Maimuna, ashe alajin mu biyu ne, ni da ke."

Ranar Juma'a shi ya tashi a gaban kwamiti ya ce a ƙara wa Ladan sati biyu. Ya kawo kafinta aka canja kwano biyu, aka kankare bango aka shafa farar ƙasa, aka fasa ƙaramar taga, aka jefar da dardumar. Aka ƙara wa makirfo waya yadda za a iya fito da shi baranda. Hular kuwa ni na ƙona ta da hannuna a murhu, Malam yana can nesa.

Ga abin da zan ce wa 'yan uwana mata. In mura tana zuwa wa mutum lokaci ɗaya kowace shekara, ba zazzaɓi, sai ido da hanci, ku lura da inda take tsananta. Ku buɗe taga, ku shanya abin da ke shanyuwa, ku duba bayan kaya. Ku bar dafa bayin Allah a cikin bargo. In za a shiga wurin likita, a bar wanda zai iya tambaya ya shiga, ko da ba shi ya yi goyo ba, kuma a karanta takarda kafin a karanta wa unguwa. Ina godiya ga likitan nan, amma ina da ƙorafi. Asibitin da rabin bencinsa mutanen Zango ne, unguwannin Hausawa, a ce babu mai jin Hausa ko ɗaya a bakin ƙofa? Ba na cewa Malam ya warke sarai. In gari ya yi lumshi yakan yi biyu ko uku, likita ma ya ce baɗi a fara magani tun kafin lokacin. Basiru, Allah Ya yi masa albarka, ya ce duk ranar da aka tashi da ruwa shi zai riƙa karɓa. Hajiya ta aika wa matar Alhaji turmin atamfa, da saƙon cewa likitocin yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Wannan ita ce ban haƙurinta, kuma an karɓa.

Ranar da sati biyun suka cika, da magariba aka ce ya gwada, 'yan kwamiti duk suna zaune. Alhaji ya miƙa masa makulli ya ce in ya kai ƙarshe lafiya ya bar shi a aljihunsa. Ni ina tsakar gida, tuwo a wuta, muciya a hannu. Gidan ya yi tsit, Ante Akosuwa ma ta kashe rediyonta. Da ya ɗaga murya sai na ji ta ɗan dushe, ta kwana biyu ba ta fita ba. Duk numfashin da ya ja sai na riƙe nawa. Ban san kiran sallah yana da tsawo haka ba sai ranar. Ya bi shi daki-daki, bai yi sauri ba, har ya sauke a kan la ilaha illallah, lasifika ta yi ɗan ƙaran da take yi in an kashe ta.

Na tsaya a wurin, hawaye yana zuba, tuwo yana kamawa, ina ta alhamdu lillahi ban san adadi ba. Sai na ji ana jan zanena. Autata ce Barikisu, mai shekara shida, ta riga ta yafa ɗan hijabinta a karkace, buta a hannu.

Ta ce, "Mma, kin tsaya kina ta saurare. Ai kiran har da ke Baba yake yi. Ga buta."